Ciwon kunne da zazzaɓi: ina za a kai yaro?

Malam, ka ce ɗanka ya kwana da ciwon kunne da ɗan zazzaɓi, ka rasa ko ƙaramin asibitin ba da kulawar gaggawa za ku je ko sashen gaggawa na babban asibiti. In yana shan ruwa yana wasa, ƙaramin ya isa. A sashen gaggawa ba layi ake bi ba, wanda ya fi jin jiki ake fara dubawa, sai ku daɗe zaune, ga tsada. Amma in numfashi na yi masa wuya, ko yana jijjiga, ko jariri ne da bai kai wata 3 ba zafin jikinsa ya kai digiri 38, don Allah ku wuce babban asibiti kai tsaye. Allah ya ba shi lafiya.