Gashin goshina yana ja da baya tun da al'ada ta ɗauke mini, zai dawo kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 57, ina zaune a Garwa. Al'ada ta ɗauke mini shekara 6 ke nan. Da fari girata ce ta soma zubewa, daga baya gashin goshina ya riƙa ja da baya, yanzu ya kai faɗin yatsu uku. Wurin ya yi sumul yana ƙyalli, bakin gashin kuma yana ƙaiƙayi da ɗan raɗaɗi. Makitsiyata ta ce kitso ne, na bar kitso wata takwas ban ga canji ba. Na shafa man kaɗanya da man darbejiya, har shebe da karkar an kawo mini daga Njamena. Wasu na cewa hannu aka sa mini. Ko gaban maigida ba na iya cire ɗankwali. Zai dawo kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba da lafiya. Ban ga kan naki da idona ba, amma abubuwa huɗu da kika lissafa, wato shekarunki, girar da ta riga zubewa, goshin da ya yi sumul da ƙaiƙayin bakin gashi, duk suna nuna ciwo ɗaya: zubewar gashin goshi mai barin tabo. Wani likitan fata a Ostareliya mai suna Steven Kossard ne ya fara bayyana shi a 1994, a jikin mata 6 da al'ada ta ɗauke musu, kuma har yau irinsu ya fi kamawa.

Gaskiyar da ya kamata ki ji tun yanzu ita ce, gashin wurin da ya riga ya yi ƙyalli ba zai dawo ba. Na san maganar da ɗaci, amma gara ki ji ta daga bakina da ki ƙarar da kuɗinki wajen masu alkawarin tsiro cikin mako biyu. Abin da magani zai yi miki shi ne tsayar da ciwon a inda ya kai, ya tsare miki gashin da ya rage, wanda kuma shi ne mai yawan.

Kowane silin gashi yana da ɗan raminsa a cikin fata, kuma a gefen ramin akwai ƙwayoyin da ke sabunta shi duk lokacin da ya faɗi. A zubewar gashi ta yau da kullum, irin ta bayan haihuwa ko bayan zazzaɓi mai tsanani, waɗannan ƙwayoyin suna nan da ransu, kamar ciyawar da rani ya busar, da damina ta sauka sai ta tofo. A naki ciwon, garkuwar jikinki ce da kanta take kai musu hari, su mutu, ramin ya toshe da tabo. Mai, komai kyansa, ba ya buɗe ramin da ya toshe. Ba hannu aka sa miki ba, ba ƙazanta ba ce, ba ya yaɗuwa ta matajin kai ko matashi, kuma ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji. Ki ci gaba da addu'arki, ki haɗa da asibiti.

Makitsiyarki ba ta yi maganar banza ba, don kitso mai tsauri yana cinye goshin mata da yawa a ƙasarmu. Amma akwai yadda muke bambancewa. Idan kitso ne, galibi sai ki ga wani siririn layin ƙananan gashi ya saura a can gaba, sanƙon yana bayansa, gira kuma tana nan lafiya lau. Idan mai tabon ne, waɗannan ƙananan gashin su ne ke fara ɓacewa. Ki ɗauki madubi ki tsaya bakin taga da hantsi. Za ki ga fatar da gashi ya bari ta ɗan fi sauran goshin haske, babu ƙofofin gashi a jikinta, wani lokaci da sili ɗaya ko biyu tsaye su kaɗai a tsakiyar fili. A bakin inda gashin ya tsaya kuma, gindin kowane sili yana da ɗan ɓawo fari da ya zagaye shi kamar zobe. A farar fata wurin ja yake yi, a tamu kuwa duhu yake yi, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa amosani. Wasu matan har fuska da wuya sukan yi musu baƙi-baƙi, abin da Farfesa Ncoza Dlova ta Durban a Afirka ta Kudu ta nuna yana tafiya tare da wannan ciwon a baƙar fata. Mace ɗaya kuma tana iya haɗa biyun, na kitso da na tabo.

Shi mai tabon yana da ɗan'uwa da ya fi shi yawa a matan Afirka, wanda ke farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa. Shi yana bin dangi, har a 2019 aka gano wani canji a ƙwayar gado mai suna PADI3 a wasu masu shi. Ki sa 'yarki ta tsaga gashin ta duba miki tsakiyar kai.

Wanda za ki nema shi ne likitan fata. Na san ba su da yawa a arewacin Kamaru, mafi yawansu suna Yawunde da Duwala, to ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke ki nemi a tura ki. Ko da sai kin je Ngaundare kin hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, tafiyar ta cancanta, domin kowane wata da ciwon ya yi yana ci, gashin da ya tafi ya tafi ke nan. Likitan zai duba kan da madubi mai ƙara girma, wataƙila ya yanki 'yar fata mai faɗin milimita 4 bayan ya kashe zafin wurin, a kai ɗakin gwaji. Ki roƙa a auna miki jini a duba aikin ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, don rauninsa yana yawan haɗuwa da wannan ciwon, a duba kuma ko kina da ƙarancin jini.

Magungunan ana haɗa su ne gwargwadon ƙarfin ciwon. Akwai na shafawa kamar clobetasol ko tacrolimus. Akwai allurar triamcinolone da ake yi kaɗan-kaɗan a cikin fatar bakin gashin duk bayan mako 4 zuwa 8. Akwai na sha: doxycycline, hydroxychloroquine, da finasteride ko dutasteride. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a ba su ga macen da za ta iya ɗaukar ciki, ke kuwa kin wuce wannan. Minoxidil yana ƙara wa gashin da ya rage kauri, amma shi kaɗai ba ya tsayar da ciwon.

A nan ne nake jin tsoro, Hajiya, domin da yawa daga cikin waɗannan sunayen za ki same su a teburin mai magani a kasuwa. Clobetasol shi ne wanda ake zubawa a man bilicin. Idan aka daɗe ana shafa shi a goshi ba tare da kulawar likita ba, fatar kan yi siriri har jijiyoyi su fito. Allurar Kenacort, wato triamcinolone ɗin nan, da wasu ke karɓa a ɗuwawu a ɗakin unguwa tana tayar da sukari da hawan jini, a shekarunki kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Hydroxychloroquine yana buƙatar a riƙa duba ido. Doxycycline ana shansa da ruwa mai yawa, ba a kwanciya nan take, kuma yana sa fata ta kasa jure rana, ga ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu kin san ta. Tafarnuwa da albasa da tsagar wanzami kuma ki bar su gaba ɗaya, ƙara wa wurin kumburi suke yi.

Kada ki yanke wa magani hukunci kafin wata 6. Alamar yana aiki ita ce ƙaiƙayi ya lafa, ɓawon ya ragu, layin gashin ya tsaya cak. Ki auna daga tsakanin girarki zuwa bakin gashi da awon tela, ki rubuta, ki ɗauki hoto a waya duk wata uku a wuri ɗaya. Dashen gashi ba a maganarsa sai ciwon ya yi kamar shekara 2 a kwance, kuma sau da yawa dashen ma ba ya ɗorewa.

Kitso ki yi abinki, amma manya kuma sakwa-sakwa, a bar bakin goshi kada a kama shi. Man miƙar da gashi da ƙarfen zafi ki ajiye su. Ɗankwali na auduga mai laushi, kada a tamke shi a kan layin da ke ciwo, da dare kuma ki bar kan ya sha iska. Man kaɗanya ba laifi don laushin gashi. Girar da ta zube kina iya zana ta da fensir. Fatar da ta buɗe ba ta saba da rana ba, ki riƙa rufe ta idan za ki fita.

Maganar maigida ta taɓa ni, don na ga yadda wannan ɓoyon ke cin mata a rai fiye da shi ciwon. Shawarata ki zaunar da shi ki nuna masa, ki gaya masa ciwon fata ne mai suna kuma mai magani, ki nemi ya raka ki ranar ganin likita ya ji da kunnensa. Ranar ki tafi da kai a tsefe ba mai, da duk abin da kika taɓa shafawa ko sha a cikin leda, da wani tsohon hotonki na biki ko suna inda goshinki ya fito sosai, don likitan ya ga daga inda gashin ya taso.