Shaihu Umar: yaya wanda bai taɓuka komai ba ya zama babban tauraro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a kwalejin ilimi, an ba mu aikin nazarin littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malaminmu ya ce Umar ne babban tauraro, jigon kuma haƙuri da yarda da ƙaddara. Amma da na karanta sai na ga Umar bai yi komai da kansa ba, daga a sace shi, sai a miƙa shi ga wani, sai a tafi da shi wata ƙasa. Ta yaya irin wannan zai zama tauraro? Kuma ba bauta ba ce jigon littafin? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kin karanta littafin da idonki a buɗe, kuma abin da kika gani haka yake. Malaminku ma bai yi kuskure ba. A wajen nazari, babban tauraro shi ne wanda zaren labari ya rataya a wuyansa, ko ya yi bajinta ko bai yi ba. A cire Umar, ba abin da zai haɗa Kagara da Kano da Masar da Rauta. Ta wannan fuska maganar malaminku ta zauna.

Rashin motsin nasa ne abin dubawa. Ki ajiye shi kusa da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, tunda littattafan biyu 'yan gasa ɗaya ne, wadda Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934. Alhaji Imam shi ya ɗaura niyya ya fita neman ruwan, shi ke ƙulla dabara, shi ke rama abin da Malam Zurƙe ya yi masa. Umar kuwa yaro ne ƙarami lokacin da aka sace shi, kuma kusan duk wani babban sauyi a rayuwarsa wani ne ya yanke masa: ɓarawon da ya ɗauke shi, mutanen da suka tsince shi, maharan da suka kai shi Kano, wani mai suna Gumuzu da ya miƙa shi ga Balarabe Abdulkarim. A ganina wannan ba rauni ba ne a ginin labarin. Wanda aka kama bauta ba shi da zaɓi, kuma da marubucin ya mai da yaron mai wayon kuɓuta irin na tatsuniya, da ya yi wa zamanin ƙarya. Abu ɗaya da Umar ya riƙe da hannunsa shi ne karatu, a gaban Shaihu Mas'ud a garin Ber Kufa na ƙasar Masar, har ya gaje shi. Nan kaɗai ya samu wurin tsayawa da ƙafarsa.

Sannan kada ki manta wanda ke ba da labarin. Umar ne da kansa, ya zama dattijon malami zaune a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa sun tambaye shi asalinsa yana ba su amsa. Malami irin wannan ba zai zauna gaban ɗalibai yana kuka da abin da Allah ya hukunta ba. Shi ya sa muryar take a kwance, masifa ta zo ta wuce cikin jimla biyu uku, a yi hamdala a ci gaba. Jigon haƙuri da ƙaddara daga bakin Shaihu yake fitowa. Aikin mai nazari shi ne ya raba abin da mai ba da labari ke faɗi da abin da labarin ke nunawa, domin ba kullum suke tafiya tare ba.

A nan ne mahaifiyar Umar ta shigo, kuma a kanta nake so ki fi daɗewa. Duk littafin ita ce mai yanke shawara ta bi ta da ƙafarta. Ta ji an sace ɗanta, ba ta zauna ta ce haka Allah ya so ba. Ta bar aure da dangi, ta bi sawu har Kano, ta ji an wuce da shi ƙasar Larabawa, ta ce sai ta bi. Wannan niyya ce ta jefa ta hannun wani mutum mai suna Ado, wanda ya yi mata alkawarin kai ta wurin ɗanta, ya ƙetara hamada da ita, ya sayar da ita. 'Yar halak mai 'yanci ta zama baiwa a gidan wani mai suna Ahmad, ta ƙi sakin jiki, ta rame ta lalace. Ranar da ta ga ɗanta kuwa ba ta jima ba ta cika.

Yanzu ki jera su biyun. Ɗan ya bi inda aka ja shi, ya zama Shaihu. Uwar ta tashi nema, ta mutu cikin bauta. Mai son kare jigon ƙaddara zai ce ga hujja nan, mai haƙuri shi ya dafa dutse. Ni ban gamsu da wannan karatun shi kaɗai ba, domin ba inda littafin ya sa mai karatu ya ga laifinta. Tausayinmu gaba ɗaya yana wurinta, kuma duk wanda ya rufe littafin, ita ce ke tsaya masa a rai fiye da darajar da Umar ya samu. Malantar Umar ba ta biya ran uwarsa ba, marubucin ma bai yi ƙoƙarin nuna ta biya ba.

Akwai wani abu da ɗalibai kan tsallake. Mutanen kirki na littafin su ma da hannunsu a cikin harkar. Makau, mijin da uwar Umar ta aura bayan rasuwar mahaifinsa, muna jin zafin sharrin da fadawa suka ƙulla masa har aka kore shi daga Kagara. To amma a kan me aka yi sharrin? A kan cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a hari. Wato shi ma maharin ne, kuma ba wanda ya tsaya tambayar inda uwayen waɗancan bayi suke. Abdulkarim, da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa ya sa shi makaranta, fataucin bayi ne ya kawo shi Kano. Ba a zana su a matsayin azzalumai ba, an nuna su mutane ne na zamaninsu, masu sallah da amana, da ba su ga aibi a sana'ar ba. Wannan ya fi wa'azi kai tsaye ciwo.

Lokacin da aka rubuta shi ma yana da muhimmanci. Ambaton Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893, ya ajiye labarin a ƙarshen ƙarni na 19. Abubakar Tafawa Ɓalewa an haife shi a 1912, bai jima da gama Kwalejin Katsina ba, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yantar da 'ya'yan da aka haifa bayanta, amma sai 1936 aka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewa. Ke nan littafin ya fito da sauran shekara biyu a soke ta, masu karanta shi na farko sun san waɗanda aka kamo da waɗanda suka yi kamun, wasu a gida ɗaya. Matashin malamin makaranta a irin wannan hali ba zai fito ya nuna kowa da yatsa ba.

A takardarki, ki bar Umar a matsayin babban tauraro, ki kawo hujjar da na faɗa a farko. Wajen jigo kuwa kina da damar cewa bauta da raba iyali da take yi shi ne babba, haƙuri da neman ilimi da hassadar fada su biyo a ƙananan jigogi, muddin kin warware shi daga cikin littafin, musamman tafiyar uwar da shari'ar Makau. In kin samu wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga littafin a 1975, ko fim ɗin Adamu Halilu na 1976, ki duba yadda al'amarin ke sauyawa idan aka ga mutanen da ido maimakon a ji su daga bakin Shaihu. Sai dai ki bayyana wanda kike ɗauko misali daga cikinsa, don ba komai ne ya zo iri ɗaya ba.