Amsoshin tambayoyinku: Sai na sayi Flyway zan huta da gyaran rumbun bayanai da hannu?

Tambaya: Da Laravel, wani kayan aikin gina manhajar yanar gizo, nake gina manhajar wani kantin magani. Duk sanda na ƙara gurbi a tebur a kwamfutata, sai na shiga phpMyAdmin (shafin sarrafa rumbun bayanai) na saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta a intanet, na sake yi da hannu, wani lokacin kuma in manta, manhajar ta tsaya. An ce in sayi Flyway ko Liquibase. Wanne ya fi? (Daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Abin da kake nema yana cikin Laravel ɗin da ke hannunka. Kowane canji ka rubuta shi a fayil ɗin maigireshan, wato fayil mai ɗauke da umarnin canza tsarin rumbu, ka ajiye shi a Git, ma'ajiyar tarihin aikinka, tare da sauran aikin, in ka ɗora sabon aiki a saba ka buga php artisan migrate. Laravel yana da tebur na musamman da yake rubuta sunan duk fayil ɗin da ya riga ya aiwatar, don haka sababbi kawai zai taɓa.

Flyway da Liquibase kayan aiki ne na ƙwarai wajen tsara canje-canjen rumbun bayanai, amma sun fi amfani ga masu Java, ko inda manhajoji da yawa ke cin rumbu ɗaya. Flyway, wanda Redgate ya saya a 2019, yana bin fayilolin SQL a jere, V1, V2, V3, kuma in ka gyara tsohon fayil bayan an aiwatar da shi zai gane, ya ƙi ci gaba. Akwai shi na kyauta. Sai dai haɗa shi da maigireshan na Laravel daidai yake da ba mutum biyu littafin bashin kanti ɗaya, kowa yana rubuta nasa.

Gargaɗin da na fi damuwa da shi: kada ka kuskura ka buga migrate:fresh a saba, domin duk tebura yake sharewa. Kuma idan rumbunka MySQL ne, ba ya mayar da canjin tsarin tebur idan aiki ya katse a tsakiya, saɓanin rumbun PostgreSQL. Lissafin magungunan mutane ne a cikin rumbun, ka ɗauki kwafinsa da umarnin mysqldump kafin kowane ɗori.

Tambaya: Na samu hayar saba mai araha, ta shekara guda, amma MySQL 5.7 ke kanta, ni kuma Django 4.2, kayan gina manhaja na harshen Python, nake amfani da shi. In biya? (Daga Maraɗi)

Amsa: Kada ki biya, 'yar'uwa. Django 4.2, wanda ya fito a Afrilun 2023, ya daina karɓar MySQL 5.7, sai 8 zuwa sama, kuma zai ƙi haɗuwa da rumbun tun daga farko. Shi kansa 5.7 ɗin wa'adin kula da shi ya ƙare a Oktoban 2023. Ki nemi masu sabar su rubuto miki sigar Python da ta rumbun da suke bayarwa, da ko za ki iya shiga ta SSH, hanyar ba saba umarni daga nesa, ki aiwatar da umarnin migrate. Ki fara biyan wata guda ki gwada. Idan da XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfutarki sabar gwaji, kike aiki a gida, ki sani rumbun MariaDB ne a cikinsa, ba MySQL ba, ita ma ki duba sigarta.