Ciwon fitsarin ɓera: wane ne ya fi shiga haɗari?

Likita, an kwantar da yayana bayan ya yi kwanaki yana yashe magudanar ruwa. An ce leftosfirosis ne, wato ciwon fitsarin ɓera, idonsa ya yi rawaya sosai. Hantarsa ta lalace ke nan?

Allah ya ba shi lafiya, Malama. Shawarar nan, wato rawayar ido, tana firgita masu jinya, amma ba kasafai hanta ke kashe mai wannan cuta ba, yawanci tana komawa daidai. Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne fitsarinsa da numfashinsa.

Ƙwayar cutar, wadda ɓeraye da karnuka da shanu ke fitarwa a fitsari, tana son ƙoda ƙwarai. Wanda ƙodarsa ta taɓu amma yana fitsari sosai ya fi samun sauƙi. Idan fitsarin ya ragu, aka wuni ba a ga komai a jakar da aka maƙala masa ba sai ɗan abin da bai cika kofi ba, to haɗari ya ƙaru, domin sinadarin fotasiyam na iya taruwa ya hargitsa bugun zuciya. A nan ba a jira, wankin ƙoda da wuri yana ceton rai.

Huhu ya fi komai muni. Jijiyoyin jini kan yoye a cikinsa, mutum ya fara haki, ko ya yi tari da ɗigon jini a majina, cikin 'yan sa'o'i ya rikice. Fiye da rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi, alhali a sauran masu tsanani mace-mace na tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Kin ga haki, ki kira ma'aikatan jinya nan take, ko da tsakar dare ne. Haka ma idan awon bugun jininsa (BP) ya faɗi, ko ya fara sambatu.

Mahaifina ya haura shekara 60, manomi ne. Shekaru na ƙara haɗari?

Suna ƙarawa, Malam. Tsofaffi sun fi mutuwa da ita, musamman masu hawan jini ko waɗanda suka daɗe suna shan giya. Ka nema wa Baba takalmin roba mai tsawo, kada ya shiga ruwa da ciwo a ƙafa.

Na sha maganin maleriya kwana uku, zazzaɓi bai sauka ba, ga ciwon sha-raɓa da jan ido. Na ratsa ruwan ambaliya makonni biyu da suka wuce. In ƙara jira?

A'a, ka je asibiti yau. Cutar kan bayyana kwana 5 zuwa 14 bayan shiga ruwan, kuma ja ba tare da kwantsa ba alama ce da muke dubawa. Ka faɗa wa likita maganar ambaliyar da bakinka, don mu ma wani lokaci ba ma tambaya. Jinkirin fara magani na cikin abubuwan da ke kai mutum ga mataki mai tsanani. Mai sauƙi ana ba shi doxycycline, mai tsanani kuwa allurar penicillin ko ceftriaxone ta jijiya, yawanci kwana 7. Kafin ka isa, ka guji ibuprofen da diclofenac da aspirin, suna wahalar da ƙoda, suna kuma ƙara zubar jini.