Filin Makiyaya: In daina kafso in koma tafarnuwa da zogale?

TAMBAYA: Salam Dakta, dan Allah ina kiwon burola 80 a bayan ɗaki, tun suna 'yan tsaki mai shagon magani ya ce in dinga farke musu kafson ja da yalo a ruwa kullum wai yana sa su girma, to yanzu kuɗin ya ishe ni ga tsadar abinci, sai maƙociyata ta ce ita tafarnuwa da citta da garin zogale kawai take ba nata. In na bi ta ba zan yi asara ba kuwa?
Daga wata mai kiwo, ƙauyen Ringim, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Bari in fara da kafson nan don shi ya fi tsaya min a rai. Ja da yalo maganin bakteriya ne, na wanda cuta ta kama, in kina ɗiga shi kullum kaɗan kaɗan ƙwayoyin cutar sabawa suke yi, ranar da kajin suka kwanta da gaske sai ki ba su ya ƙi ci, kuma ragowarsa na zama a naman da yaranki za su ci. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana zuba irin wannan magani a abincin dabbobi don ƙara girma tun 2006, daga nan masu haɗa abinci suka ƙara dukufa kan ganyayyaki da saiwoyi. Kinga maƙociyarki ba shirme take ba. Ko kakanninmu ai ɓawon maɗaci suke jefawa a kaskon ruwan kaji.

Tafarnuwa tana da sinadarin alisin mai rage miyagun ƙwayoyin hanji, amma sai an daka ta yake fita kuma ba ya daɗewa, don haka kar ki daka ta sati guda ki ajiye a jarka. Ki daka ƙwaya biyu ko uku da ɗan yankin citta da safe, ki tace a ruwa lita 4, da yamma ki zubar ki wanke mazubin, da zafin nan namu ruwan tsami yake yi kafin la'asar. Sau biyu ko uku a sati ya isa.

Zogale kuwa abinci ne mai gina jiki, a inuwa ake shanya shi. Kilo 1 na garinsa a buhun abincin kaji mai kilo 25, kar ki wuce haka sosai, in ya yi yawa dusarsa ke cika musu ciki su rage ci, burolar da ba ta ci kuwa ai ba riba. Darbejiya ni ba na son ta a wurin burola, ɗacinta ma kawai ya isa ya kore su daga ruwa.

To amma ki ji da kyau, cututtukan kaji na Nukasil da Gumboro bairos ne ke kawo su, ba tafarnuwa ba ko kafson ma ba ya musu komai, sai rigakafi, Lasota na Nukasil da kuma na Gumboro, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi. Ranar rigakafi ruwa zalla, kar ki haɗa da komai. In kuma kin ga kashi da jini wannan cutar daban ce, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke rura ta, maganinta irin su Amprolium ne, sai ki kwashe buntun shinkafar da ya jiƙe ki zuba busasshe.

Ki daina kafson kullum daga yau. In kaza ta takure fukafukai sun zube, ki ware ta, ki nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya duba, in ya rubuta magani ki cika kwanakinsa, sannan ki jira kwanakin da aka rubuta a jikin ledar maganin kafin ki yanka ko ki kai kasuwar Gujungu.