Sadakar Baffa Soja

Maigidana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ke riƙe da wayar, ina faɗa tana rubutawa, in ka ga kuskure nata ne. Ka ce me ya sa duk shekara muke soya masa a nan Kumasi don sadakar Baffa Soja alhali ba wanda ya san kabarinsa, kuma wai an yi masa sallar gawa kuwa? Lallai zaman unguwar Nima a Ankara, babban birnin Ghana, ya koya maka tambaya.

Ƙanen babana ne. Bai cika ashirin ba ya kai kansa bariki. Ba sarki ne ya ba da shi ba, kamar yadda aka yi wa wasu yaran Arewa. Kaki da albashi suka ja shi, ga shi lokacin Hausa ake yi a soja. Amaryarsa ko wata shida ba ta yi a ɗaki ba. A 1943 aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya cikin runduna ta 81, daga nan sai dajin Bama, yaƙi da Japan a kwarin kogin Kaladan, inda kaya a kai ake ɗauka, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu. Can ya kwanta dama a 1944. Barikin Burma Camp da ke nan Ankara, daga wannan yaƙin ya samo sunansa.

Ina 'yar shekara bakwai takardar ta zo. Kakarmu na tankaɗe a tsakar gida, aka nemo ɗan boko ya karanta. Ba ta yi kuka ba. Ta kife rariya a kan garin, ta ce a kira malam.

Salla dai ba a yi ba. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya sai gawa na gaban liman. Aka yi zaman makoki, aka yi addu'ar uku da bakwai da arba'in, ana ƙirge daga ranar da labari ya iso. Wajen takaba aka yi ta. Malam ya duba kwanan watan da ke takardar, ya ce wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwa ake lissafawa, kuma tuni sun shige, babu komai a kan amaryarsa. Matan gida suka ce ina aka taɓa yin haka, miji ya mutu mace ta fito da kwalli? Ita ma yarinyar ta ce za ta zauna. Kwana arba'in ta yi, ba lalle, ba turare, ni ke kai mata koko da safe. Malam bai yi kuskure ba, amma da ta fita ranar, da bakin mutanen Zango ya cinye ta.

Bayan yaƙi wani abokinsa ya kawo bargonsa da carbinsa. Su ke nan abin da ya dawo.

To ka duba, duk namu da suka riga mu suna maƙabartar Tafo, maza na zuwa su tsaya a kansu. Shi kaɗai ne ba shi da inda za a tsaya masa. Sai kakarmu ta ɗauki abin da ya fi so, masa, tana soyawa duk shekara a raba wa almajirai da goro, a sauke masa Alƙur'ani. Ba farilla ba ce, kada ka je kana gardama da abokanka a kai. Ta bar wa uwata, uwata ta bar mini. Sunansa kuma babanka ya ci, shi ya sa ba ka taɓa jin na kama sunan ba.

A Taukkyan, kusa da birnin Rangun na ƙasar Bama, akwai ginin da aka rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Tunda kullum kanka na cikin intanet, nemo mini nasa ka turo hoton. Kuɗin shinkafar bana ma a kanka yake, miji ba ya cin masa kyauta.