Kafin ka sayi maganin feshi, tumɓuke tushe ɗaya ka duba

Wasiƙun wannan karo yawancinsu daga masu noman rani ne, kuma kusan bakinsu ɗaya: ganye ya yi kaza, wane magani zan saya? Mutum ɗaya ne kaɗai ya tumɓuke shuka ya duba ƙarƙashinta, shi ma sai da ya gama zuba kuɗinsa a shagon magani. Da shi zan fara.

Daga Kura, jihar Kano: "Malam, tumatirina yana yaushi da rana tsaka, da yamma ya ɗan farfaɗo. Ganye ya yi rawaya, ya ƙi girma. Na ƙara taki, na yi feshi sau huɗu, shiru. Da na cire ɗaya sai na ga saiwar duk ƙulu-ƙulu. Maƙwabcina ya ce irin na gyaɗa ne, alheri ne."

Alhaji, maƙwabcinka barka ya yi maka a inda jaje ya dace. Tumatir ba ya yin ƙullutun alheri. Ƙullutun alheri na gyaɗa ne da wake da waken suya, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zama suna jawo wa shuka naitirojin daga iska, wato aikin da kake sayen yuriya ta yi maka. Rabe su ba wuya. Na gyaɗa a gefen saiwa yake manne, in ka murza da yatsa sai ya ɓalle, in ka tsaga da farce ka ga cikinsa ja-ja. Na tumatirinka kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya fita sai ka karya ta.

Abin da ke cin gonarka tsutsar saiwa ce, wadda masana ke kira nematod. A lokacin da take yawo cikin ƙasa tsawonta bai kai rabin milimita ba, ga ta siririya, ga ta garau kamar ruwa, don haka ko a tafin hannunka take ba za ka gan ta ba. Takan shiga ta kan saiwa mai taushi, ta kafa baki a wuri ɗaya ta zauna. Yawunta ne ke sa naman saiwar ya kumbura, kumburin kuma ya toshe hanyar ruwa da abinci. Dalilin yaushin rana ke nan alhali ƙasa na jiƙe, kuma dalilin da ya sa takin da ka ƙara bai hau ba. Macen takan yi ƙiba ta koma kamar ɗan mitsitsin farin tulu, ta zuba ƙwai ɗaruruwa a dunƙule, cikin mako uku zuwa huɗu a ƙasa mai ɗumi 'ya'yan su ma sun isa haihuwa. Lissafa da kanka sau nawa za su juya kafin ka gama tsinkar tumatir.

Feshin nan huɗu a ganye ka yi shi, ɓarawon kuwa yana ƙasa. Asara ce tsagwaronta.

Na daɗe ina faɗin wannan ana gyaɗa mini kai, a koma a ci gaba da feshi. Abin da na ga yana sauya wa mutum tunani shi ne ya gani da idonsa. Akwai wani dattijo da muka yi ta musu da shi a kan kuɓewarsa, shi a dole sammu aka yi wa gonar. Na ɗebi ƙasarsa, na shimfiɗa takardar goge hannu a kan rariya, na zuba ƙasar, na ɗora rariyar a faranti mai ruwa yadda ruwan zai taɓa ta kawai. Bayan kwana biyu tsutsotsin sun ratsa takardar sun gangara cikin ruwa. Na ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin likita na ce, "Baba, leƙa." Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa, ya ce wai duk waɗannan masu motsin daga gonarsa suke? Daga ranar bai ƙara zancen sammu ba. Da wannan rariya da faranti ake aikin a ɗakunan bincike da dama, madubin ne kawai ba ka da shi a gida. In kana son tabbaci, ɗebi ƙasa da saiwa daga wurare da yawa a gonar, ka ƙulle a leda, ka kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ko sashen kare amfanin gona na wata jami'a kusa da kai. Kada ka bar ledar a rana ko a bayan mota mai zafi, matacciyar tsutsa ba ta ratsa takarda.

Na bana ya riga ya tafi, sai dai ka lallaɓa shi da ban ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai ka tsinci abin da ya samu. Da ka gama, tumɓuke tushen duka da saiwarsu ka ƙone, kada ka bar su su ruɓe a wurin. Baɗi kada ka maimaita tumatir a nan, kuma kada ka ce ka sauya don ka sa kuɓewa ko yalo ko tattasai ko kankana, duk abincinta ne. Sa gero ko dawa. Ka kafce ƙasar a bazara rana ta gasa ta. Zuba takin gargajiya da ya ruɓe sosai, da tunkuzar 'ya'yan darbejiya in za ka samu. Amma inda aka fi yin sakaci shi ne wurin renon iri. Mutane da yawa da kuɗinsu suke sayo cutar a saiwar dashe. Duk dashen da za ka saya, wanke saiwar 'yan kaɗan ka duba. Naka bedin kuma, jiƙa shi a watan Maris ko Afrilu, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka danne gefenta da ƙasa na mako huɗu zuwa shida. A jikin fakitin iri, harafin N na nufin irin na jure wannan tsutsa, sai dai juriyar na raguwa in zafin ƙasa ya haura digiri 28, ka ga ke nan a jigawa da bazara ba abin jingina ba ne shi kaɗai. Garin maganin nan na kabofuran da wasu ke barbaɗawa da hannu tsirara, ban yarda da shi ba. Guba ce mai kashe tsuntsu da mutum, Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi a kan kayan abinci.

Daga Jiratawa, kusa da Maraɗi: "Ganyen yalona ya yi ɗigo-ɗigo fari, yana bushewa kamar an babbaka. Ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Ina ƙara feshi yana ƙara lalacewa."

Ba ka gan shi ba don saman ganye kake dubawa. Je wurin masu gyaran agogo ko waya ka nemi ɗan madubin da suke ƙara girman abu da shi, mai ninka girma sau goma ya ishe ka, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbar magani ɗaya ba. Juya ganyen, kai madubin dab da idonka, sannan ka matso da ganyen har ya fito sarai. Ina kyautata zaton za ka ga jajayen ƙananan gizo-gizo, kowanne kamar rabin milimita, da ƙwai zagayayyu da siririyar saƙa. In babu madubi, kaɗa ganyen a kan farar takarda, ƙurar da ka ga tana tafiya su ne. Dangin gizo ne masu ƙafa takwas, shi ya sa magunguna irin saifametirin ba sa yi musu abin kirki, sai ma su kashe ƙwarin da ke cinye su. Kai ne kake share musu fage. Dakatar da wannan maganin, wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi, ka bi da ruwan sabulu da man darbejiya da yamma. In ya gagara, nemi abamektin, ka kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.

Daga Talata Mafara, wani ɗalibi: "Babana ya ce in tambaya, ganyen tumatirinmu ya nannaɗe ya ƙanƙance. An ce bairos ne. In muka kai asibiti za a gan shi a madubin da ake duba zazzaɓin cizon sauro?"

Ɗana, ba za a gan shi ba, ko da madubin sabo ne fil. Idon mutum yana tsayawa ne wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Madubin likita mai aiki da haske yana kai wa kashi ɗaya cikin dubu biyar na milimita, daga nan haske ya gaza, iyakar da Bajamushe Ernst Abbe ya lissafa tun 1873. Bakteriya da funfuna da nematod duk suna cikin abin da yake kamawa. Wani mai sayar da yadi ne ma a garin Delf na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya fara ba da labarin ganin bakteriya a 1676 da ɗan madubin da ya goge da hannunsa. Bairos kuwa ya fi wannan iyaka ƙanƙanta. Sai da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai aiki da ilektiron a Balin a 1931, sannan a 1939 aka ɗauki hoton bairos, kuma na cutar ganyen taba ne, cutar da ke kama tumatir ma. Yanzu an kai ga daskarar da ƙwayar cikin tsananin sanyi a zana siffarta dalla-dalla, aikin da ya ci kyautar Nobel a 2017. Duk da haka, gaya wa Baba har yau babu maganin feshi da ke warkar da shukar da bairos ya shiga. Wanda ya ce yana da shi, aljihunku yake so. Ku cire masu ciwon tun da wuri, ku juya ganye ku nemi farin ƙuda, shi ke yaɗa wannan nannaɗewar, baɗi kuma ku rufe bedi da gidan sauro mai ƙananan ido.

Daga Kadawa: "Tumatir lafiya lau da safe, da yamma ya kwanta, ganye kore shar."

Yanke karan dab da ƙasa, ka rataya bakin yankan cikin ruwa mai tsabta a kofin gilas, kada ka motsa. In cikin 'yan mintoci ka ga wani farin abu na zubowa kamar hayaƙi, bakteriya ce, miliyoyi ne suka haɗu har ido ya gan su. Maganin funfuna ba ya taɓa ta. Tumɓuke, kuma kada ruwan wannan kwami ya bi ta kan sauran.

Daga Lafiya, wata Hajiya mai gonar rogo: "Yarana sun ce akwai abin da ake sa wa a waya ya faɗi ciwon shuka."

Akwai, Hajiya. Manhajar Nuru, wadda PlantVillage ta jami'ar Jihar Fensilbaniya ta yi tare da cibiyar binciken aikin gona ta IITA, tana duba hoton ganyen rogo ko babu intanet. Ki riƙe dai cewa ganye take gani, ba ta leƙa saiwa, kuma ciwon da bai fito sosai ba yakan shige mata.

Wani malamin firamare daga Gumel yana tambayar madubi mai araha don ɗalibai. Nemi Foldscope, na takarda ne da ake naɗewa, Manu Prakash da Jim Cybulski na jami'ar Stanford suka fito da shi a 2014. Yana ninka girma sau 140, ana kuma manna shi a kyamarar waya. Fara nuna musu irin ƙuduji, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, su gane yadda yake bin fartanya da kofaton shanu daga gona zuwa gona.

Mai tambaya daga Dawanau ko wanke gyaɗar da ta yi funfuna zai sa ta ciwu: a'a. Funfunar ce kake wankewa, gubar afalatoksin na cikin ƙwayar, ba ta fita da ruwa ko suya. Kada ka ba kaji ma.